Ragon Vernell da Tukunyar Lucius Pettaway

Ranar Talata, tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi abinsa. Lucius Pettaway, mijin yayata marigayiya Vernell, ya cika a kan kujerarsa ta baranda a gidansa da ke Oakvine, jihar Alabama, rediyo na magana a gefensa, yana da shekara saba'in da takwas. Daga wurin Ubangiji muka fito, can kuma za mu tattara mu koma, kowa da ranarsa. 'Yarsa Renita ce ta kira ni, kuma da na gama kukan farko, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne cewa Talata ce. Lucius, ka sha faɗa mana cewa mutum mai tarbiyya ba ya ɗaura aure ranar Asabar a lokacin kaka, ba ya kuma mutuwa a cikinta, don kada ya raba wa jama'a hankali tsakaninsa da ƙwallo, irin tamu ta nan da ake jifa da hannu ana sanye da kwalkwali. Ka bari aka kammala wasannin bana, ka tafi a ranar da ba ta tare wa kowa komai ba. Jana'izarka ma ranar Juma'a aka yi ta.

Ni ce Ozella, autar gidansu Vernell, wadda ka shafe shekara hamsin kana kira Auta, har bayan furfura ta cinye mini kai. Ni ba marubuciya ba ce, aikin jinya na yi har na ajiye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji tana yawo a wurin zaman makokinka. Mutane suna yabonka, suna share hawaye, sai su rage murya su ce, "Bawan Allah, tsufa ya taɓa shi, hasashensa na ƙarshe ya kuskure." Har Rabaran Hightower ya faɗe ta a gaban akwatin gawarka cikin raha, jama'a suka yi dariya. Ni ban yi ba. Akwai ajiyar da ka ba ni, ka ce kada ta fito muddin kana numfashi. To, sharaɗin ya faɗi, kuma ka san bakina ba ya riƙe abu da daɗewa.

Babu wanda bai san tukunyarka ba a garin nan. Duk Asabar ɗin da Maƙera, 'yan ƙwallon Kwalejin Oakvine, za su yi wasa a gida, tun sassafe akori-kurarka take isa filin ajiye motoci, ta tsaya a gindin babbar bishiyar nan ta ƙofar gabas. Ka sauke rabin duron da ka mayar murhun gashi, ka sauke baƙar tukunyar da ka gada wurin mahaifiyarka, ka hura wuta. Wasu suna yin hasashen wasa a rediyo, wasu a jarida, wasu a shagon aski da ihu. Kai da girki kake yin naka. Idan ka ga Maƙera za su ci, sai ka dafa dabbar da abokan karawa suka ɗauka ta zama tambarinsu. Idan kuwa ka hango za a doke mu, to jan wake da shinkafa ne, babu ko ƙashi a ciki. Mutum yana fitowa daga mota zai ɗaga hanci, kafin ya kulle ƙofa ya san abin da Mista Lucius ya gani.

Na ce "mu", alhali ni ba 'yar Oakvine ba ce a harkar ƙwallo, kuma zan dawo kan wannan. Zama da kai ne ya lalata mini harshe.

Mun ci agwagwa a wurinka a shekarun da Agwagi suka zo da rauni. Mun ci zakaru, mun ci tarwaɗa soyayya da garin masara, mun ci haƙarƙarin bijimi da ya kwana a cikin hayaƙi har ya yi laushi. Inda ake jiranka da ido shi ne ranar da aka zo da ƙungiyar da tambarinta ba ya dafuwa. Ranar Damisoshi, sai ka gasa kaji ka bar musu zanen ƙarfen murhu baƙi-baƙi a jiki, ka rantse damisa ce, wanda bai yarda ba ya ajiye faranti. Ranar Ƙudan Zuma, waina ka toya ka malale ta da zuma. Shekarar da wata kwaleji mai suna Guguwa ta zo, kowa ya ce yau dabara ta ƙare wa tsoho. Ka dafa miyar nama da barkonon da ya sa Dikin Alton Sykes, dattijon cocinmu, mahaucin garin kuma amininka, ya zauna a ƙasa yana fifita da hularsa. Ka duƙa a kansa ka ce, "Alton, ka jira zuwa yamma, za ka ji guguwar tana tashi."

Ba ka taɓa karɓar ko sisi a kan wannan abinci ba, kuma ba ka taɓa tambayar kowa launin rigarsa ba. Baƙin da suka biyo abokan karawa su kake fara zuba wa. Ranar nama sai ka ce musu, "Ku ci ku ƙoshi, hanyar gida tana da nisa ga wanda aka doke." Ranar wake ma su kake fara zuba wa, ka ce ko sa ji nauyinmu su rage dukan. Na ga ƙattai sun zo da fenti a fuska da zagi a baki, sun tafi suna kiranka Baba suna neman lambar wayarka. Na tuna wata mata da ta kwana a motar haya daga can kudu don ta ga ɗanta a wasansa na farko, ta iso ta tarar tikiti ya ƙare. Tana tsaye kusa da bishiyarka tana goge ido da gefen mayafi, ka zaro naka daga aljihu ka miƙa mata, ka ce ai dama ƙafarka na ciwo, matakalar filin ta yi maka yawa. Ƙafarka lafiya lau take. A cikin akori-kura ka saurari wasan, kuma ɗan nata ma ba na Oakvine ba ne.

Haka ka yi shekara talatin kana tuƙa motar makaranta. Manyan garin nan da yawa a bayanka suka zauna suna yara, kuma a wurin makoki kowa da abin da ya tuna. Wannan ya ce ka kan tsaya a ƙofar gidansu kana danna ƙaho har ya gama neman takalmi. Waccan ta ce rigar sanyin da ta sa a shekarar da babanta ya rasa aiki, a kan kujerarta ta motar ta tsince ta, kuma ka dage cewa wani ne ya manta da ita.

Masu caca ne kawai ba su ji daɗinka ba. Sukan zagayo tun Laraba ko Alhamis da fara'a, suna tambayar lafiyar iyali, daga nan su gangaro kan me za a dafa. Ka ce musu tukunyarka ba ta caca. Suka koma leƙen shagon Alton don su ga abin da ka saya, sai ka riƙa shiga ta ƙofar baya. Suka koma tambayar maƙwabta ko an jiƙa wake a gidan Pettaway, sai ka mayar da jiƙa wake aikin kowace Juma'a, da nama da babu. In ba a dafa shi ranar Asabar ba, gidan tsofaffi yake tafiya ranar Lahadi bayan sujada. Ko Vernell da take kwana ɗaki ɗaya da kai, sai da safe take sanin abin da ke cikin ranka.

Ba zan ce ba ka kuskure ba, domin ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce. Kana kuskure, wani lokaci mummuna. Akwai shekarar da ka gasa rabin bijimi, Bijimai suka shigo suka yi wa Maƙera dukan da tun kafin hutun rabin lokaci mutane suka fara neman makullin mota. Da aka taso maka, sai ka ce bijimin dai ya dahu, alƙalin wasa ne bai dahu ba. Amma abin da kowa ya shaide ka da shi, masoyi da maƙiyi, shi ne ba ka taɓa dafa abin da ba ka yi imani da shi ba. Kana son Maƙera kamar ranka, duk da haka in ka ga duka na tafe, wake kake dafawa, ko da za a yi maka ihu. An sha roƙonka ka sa ɗan nama don ƙarfafa wa yara gwiwa. Amsarka ɗaya ce, cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kai ba za ka yi wa mutane ƙarya da abincin da za su sa a cikinsu ba. Wannan suna shi ne dukiyarka, kuma ka san haka.

Yanzu bari in dawo kan inda na fito. Mu 'yan gidan Raguna ne. Ni da Vernell a Kwalejin Tolliver, mai ƙungiyar Raguna, muka yi karatu, can ƙetaren kogi, kuma tun kafin a haife mu Maƙera da Raguna ba sa ga maciji. Wasansu shi ne na ƙarshe kowace shekara, Asabar ɗin da ke bin Ranar Godiya, bikin iyali na ƙarshen Nuwamba, kuma ƙungiya tana iya shan kashi duk kakar a yafe mata in dai ta ci wannan. Ranar da Vernell ta kawo ka gida, Baba ya tambaye ka ko kana zuwa coci, ka ce kana zuwa. Ya tambaye ka ko kana da aikin yi, ka ce kana da shi. Ya tambaye ka wace ƙungiya kake bi, ka faɗa masa ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Baba ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "To, kowane gida da irin jarrabawarsa." Daga ranar nan ni da kai muka ɗaura wasan da bai ƙare ba sai Talatar da ta wuce.

Shekara goma da ɗoriya ke nan da Maƙera suka yi nasararsu ta ƙarshe a kanmu kafin ta bana. A shekarar ka gasa naman rago daga shagon Alton, aka ci aka yi ta rawa. Nasara ta hau maka kai. Da bazara ta zagayo ka je wata gona ka dawo da ɗan rago a bayan akori-kura, ka tsaya da shi a harabar coci bayan sujada, ka ɗaga shi sama a gaban jama'a ka ce wannan za ka yi kiwo, kuma ranar da ka ga Maƙera za su sake doke Raguna, shi zai shiga wuta, ba wani ba. Mutane suka tafa. Baki shi ke yanka wuya, amma a ranar ba ka san wuyan wa ka ɗora a kan faifai ba.

Ɗan ragon maraya ne, uwarsa ta mutu wurin haihuwa, shi ya sa aka sayar maka da shi da arha. Ko tsayuwa ba ya yi sosai. Vernell ta dube shi, ta dube ka, ta ce, "Wannan abin za ka ciyar da gari da shi?" Ta ɗauko kwalbar jarirai ta dama madara. A kicin ya yi makonninsa na farko, cikin kwali kusa da murhu, tana tashi ba shi madara kamar mai jego. Ita ta raɗa masa suna Gwamna, wai don yana ci ba ya aikin komai, kuma kowa na gaishe shi.

Nuwamba ta zo, Maƙera sun lalace, ka dafa wake. Wata shekarar ma wake. Wadda ta biyo ta ma haka. Gwamna ya yi ƙiba, ya yi ƙaho, ya koyi buɗe ƙofar lambu, ya cinye furannin matar Rabaran, ya tunkuyi mai kawo wasiƙu har aka kawo ƙara. Duk makon wasan, Vernell takan ɗaura masa koren ƙyalle a wuya, launin Tolliver, ta zagaya unguwa da shi tana cewa jama'a su zo su ga dabbar da ta fi kowa tsawon rai a Alabama. Ni kuma in bugo maka waya in ce, "Mijin Yaya, a gaishe mini da Gwamna, a ce masa ya kwantar da hankalinsa, bana ma babu zaɓe." Kai kuwa ka ce, "Auta, rana ba ta ƙarya." Haka muka yi ta yi, kuma ban san lokacin da na fi jin daɗin duniya kamar waɗannan shekarun ba.

Da Vernell ta rasu, gidan ya yi maka faɗi. Renita na can birni da mijinta da yara, tana zuwa iya ƙoƙarinta, ni ma ina zuwa. Amma wanda ya zauna da kai dare da rana Gwamna ne. Ya bar turkensa ya dawo kwana a bakin baranda. In ka fita duba akwatin wasiƙu yana bayanka, in ka zauna ya ɗora haɓa a kan takalminka. Ranar da Maƙera suke wasa a waje, ku biyu kuke sauraron rediyo, kana yi masa bayanin inda koci ya yi wauta. Na taɓa isowa ban yi sallama ba, na ji kana ce masa, "Da tana nan da yanzu ta ce mu rage sautin." Na koma mota na zauna har idona ya bushe, sannan na dawo na buga ƙofa.

Sai ga bana. Tun wasan farko, cikin zafin ƙarshen Agusta, aka ga Maƙera sun zo da wani abu daban. Sun samu yaro mai jifa wanda in ya saki ƙwallo kamar da hannu ya kai ta, ga ƙattai a gabansa da ba a ture su. Ka dafa agwagwa, aka ci. Ka dafa zakaru, aka ci. Ka dafa wake ranar Damisoshi, mutane suka yi gunaguni, aka kuma doke Maƙera kamar yadda ka gani. Daga nan nama ya dawo bai sake tsayawa ba. Mu kuwa a Tolliver abin ba daɗin ji, rabin 'yan wasanmu na jinya, sauran kuma gara masu jinyar. Makaho ma ya san inda wasan ƙarshe zai faɗi.

Garin nan ya ɗauki ɗumi. Masu wucewa ta ƙofar gidanka sukan rage gudu su leƙo ta taga su ce, "Ranka ya daɗe Gwamna, wa'adi ya kusa!" Ɗalibai suka buga riguna da hotonsa. Alton ya riƙa wasa wuƙa a bakin shago inda kowa zai gani, yana cewa tsohon rago sai an kwana ana dafa shi, amma shi ya san yadda zai yi da shi. Rabaran Hightower ya yi wa'azi a kan ragon da aka ba Ibrahim, yana yi yana kallon layin da kake zaune. Kai kuma kana murmushi kana ɗaga hannu, ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba.

A lokacin zuciyarka ta riga ta fara gajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga yadda kake tsayawa ka huta tsakanin mota da bishiya, na ga ƙafafunka sun kumbura. Likita ya hana ka tsayuwa cikin hayaƙi, ka ce masa to, ka ci gaba da abinka. Ka san, ni ma na sani, cewa da wuya ka ga wata kakar. Abin da ka yi shekaru kana jira ya zo, kuma sau ɗaya zai zo. Renita ta kawo shawarar a sayo naman rago a kanti a huta. Ka ce, "A gaban coci na ɗaga wannan ragon, ban ɗaga naman leda ba." Ni kuma na ce a bar ni in zo da mota in ɗauke shi, a ce ya ɓata. Ka harare ni ka ce, "Auta, so kike a ce 'yan Tolliver sun sace mini hasashe?" Raina dai bai kwanta ba, domin ragon yayata ne, kuma na san taurin kanka.

Ranar Godiya muka taru a gidanka, aka ci talo-talo aka yi addu'a. Ba ka ci da yawa ba. Da la'asar na ɗauki kwanuka zuwa kicin, ta taga na hango ka a bayan gida kana taje wa Gwamna gashi. Ka daɗe kana yi. Na ɗauka sallama kake yi da shi, na kasa ƙarasa wanke-wanken.

Asabar ta waye da sanyi da rana mai kyau. Ban taɓa ganin taro a gindin bishiyar nan irin na ranar ba. Mutane sun zo da farantansu daga gida, wasu da burodi a hammata, makaɗan kwaleji suna gwada ganguna a can gefe. Murhun gashi na rufe, tukunya na kan wuta, kai kana zaune a kan kujerar roba da jar hularka. Waɗanda suka fi kusa suka fara kallon juna, domin hanci ba ya jin abin da ya zo ji. Ka tashi a hankali, ka naɗe hannu da tsumma, ka ɗaga murfin. Jan wake ne yana tafasa, babu ko ƙashi.

Nan take wurin ya ɓarke. Alton ya ce, "Lucius, ka haukace ne? Yaran Tolliver ɗin nan ko 'yan makarantar Lahadi ba za su iya dokewa ba!" Wani ya ce tsoro ne, wani ya ce tsufa ne, wasu ɗalibai suka yi maka ihu suka juya da farantansu. Ka tsaya da ludayi a hannu ka ce, "Abin da ke cikin tukunya ke nan. Mai ci ya matso, baƙi su fara."

Na matso da koren mayafina, ina taku ɗai-ɗai don kowa ya gan ni, na miƙa faranti na ce, "Mijin Yaya, ashe dai hankali ya dawo. A cika mini." Ka cika mini har yana zuba. Sannan ka sunkuyo kamar za ka gyara mini riƙon farantin, ka yi magana a kunnena.

"Ki ci da kyau, Auta. Yau za mu yi muku dukan da ba za ki iya cin abincin dare ba. Maki goma ko fiye."

Na ce, "To wannan waken fa?"

Ka ce, "Vernell ce ta ba shi madara da kwalba. Ni zan miƙa wa Alton shi? Ki rufe mini bakin nan naki. Ina raye dai kada in ji a wurin kowa."

Na koma gefe da farantina na tsaya, na kasa kai cokali baki. A cikin shekara arba'in wannan ce ƙaryar farko da tukunyarka ta yi, kuma a gaban gari duka ka yi ta, ido buɗe.

Tun rasuwar Vernell ni nake zama a kujerarta kusa da kai a filin wasa, kore ɗaya tilo a cikin tekun ja. Rabin farko Raguna suka yi abin da ba a zata ba, suka shiga gaba, mutanen da ke kewaye da mu suka riƙa juyowa suna harararka kamar kai ka jefa musu ƙwallon. Kai ko a jikinka. Da aka dawo hutu, yaron nan mai jifa ya buɗe hannu, kwalkwali ya riƙa haɗuwa da kwalkwali har muna ji daga sama, namu suka fara ja da baya. Duk sanda Maƙera suka ci maki, sai ka ɗaga hannu sama ka ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Wa ya zata?" kana kuma zungurina da gwiwa ta ƙasa. Sai da ƙafata ta yi tabo. Aka tashi Maƙera na da talatin da ɗaya, Raguna na da goma sha bakwai. Ɗalibai suka kwararo cikin fili suka tumɓuke ƙarfen gola suka nufi kogi da shi, kai kuwa ka zauna kana kuka kana dariya. Abincin dare kam ban ci ba, kamar yadda ka faɗa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Washegari a coci aka yi ta tsokanarka. Ka wayi gari ka tarar da gwangwanayen wake jibge a barandarka, kowa ya wuce ya ajiye nasa. Alton ya ce ya wasa wuƙa a banza, a biya shi kuɗin dutse. A shagon aski aka yanke hukunci cewa idon Mista Lucius ya mutu, lokaci ya yi da zai miƙa ludayi. Ka karɓi duka da dariya, kana cewa ai tsufa ba ya sallama, ka sa aka kwashe gwangwanayen aka kai gidan tsofaffi. Na san abin ya taɓa ka, domin na san yadda kake ji da sunan nan.

Ranar Lahadin ƙarshe da na gan ka, muna zaune a baranda, Gwamna na kwance a kan ƙafarka da koren ƙyallen Vernell a wuya, wanda kai da kanka ka ɗaura masa. Na tambaye ka ko maganganun mutane ba sa ci maka rai. Ka sosa masa gindin ƙaho, sannan ka ce, "Suna ci. Amma Auta, na kusa ganin yayarki. Kin san ta. Kafin ta ce mini sannu da zuwa, cewa za ta yi, Lucius, ina ragona? Ina so in samu abin faɗa." Bayan kwana biyu Renita ta kira ni.

To, jama'ar Oakvine, ga ajiyar na sauke. Idon Lucius Pettaway bai mutu ba, ya ga wasan nan sarai kamar yadda ya saba gani. Dikin Alton, ka mayar da wuƙarka kube. Rabaran, akwai gyara a wa'azin ranar Juma'a, kuma ina layin gaba ina jira.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Renita da mijinta da 'ya'yansu, waɗanda suka rasa uba da kaka irin wanda ba a samu a kasuwa. Ina miƙa ta ga Dikin Alton Sykes, abokin faɗansa na shekara sittin, da Rabaran Hightower da dukan 'yan cocinmu, da yaran da ya tuƙa zuwa makaranta, da duk baƙon da ya taɓa cin abinci a gindin bishiyar nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Renita ta ɗauki tukunyar, ta ce baɗi za ta hura wuta a wurin, Allah Ya ba ta ido da gaskiya irin na ubanta.

Lucius, mijin Yaya, Ubangiji Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, har da wannan ƙarya guda ta wake. Ya karɓe ka da hannu biyu kamar yadda ka karɓi baƙinka, Ya ciyar da kai kamar yadda ka ciyar, Ya ba ka hutawa a inda babu ciwo babu kuka.

Gwamna yana gidana. Kwana biyun farko ya ƙi cin komai, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon hanya, amma jiya ya cinye mini furanni, don haka ina jin zai yi. Na cire masa koren ƙyallen na adana, na ɗaura masa ja, ni Ozella 'yar Tolliver, da hannuna, kuma maƙwabta sun gani. In ka isa, ka gaya wa Yaya ragonta yana nan lafiya. Sakamakon wasan kuwa, don Allah ka faɗa mata a hankali.

Allah Ya sada mu da alheri. Amin.